Juma'a Ɗaya da Baba Ya Roƙa

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, Baba dai ya riga mu isa. An yi masa salla a Haramin Makka bayan La'asar, maza suka wuce da shi maƙabarta, mu mata muka dawo gidanmu na unguwar Kudai muka zauna. Ban yi kuka ba. Ban yi a ranar ba, ban yi washegari ba. Jikina kamar an yi mini allurar cire haƙori, ina jin ana taɓa ni amma zafin ba ya isowa. Mata suna shigowa suna rungume ni suna cewa, "Azzamallahu ajrakum," Allah ya girmama ladanku, ni kuwa abin da ke raina shi ne ko an sa wa shinkafar baƙi gishiri.

Zaman makoki a nan kwana uku ne, tsakanin Magariba da Isha'i. An jera kujeru a layinmu, aka ja wayoyin fitilu, ƙanena ya tsaya a gaba yana karɓar gaisuwa. Daga tagar bene nake leƙensu. Tsofaffin direbobin bas sun zo, waɗanda Baba ya yi aiki da su a tashar alhazai. Waɗansu maza masu furfura da tumbi sun zo suna ɗingishi, aka ce mini duk 'yan ƙwallonsa ne na da. Wani magini mutumin Nijar ya zo da siminti a ƙafar wandonsa, ya kama hannun ƙanena ya ce da ƙarfi har muna ji a sama, "To yanzu wa zai hana mu faɗa?" Samari masu farar jallabiya, jikokin Hausawa da Hausar ta gagare su, suna ta cewa Allah ya jiƙan kyaftin da Larabci.

A sama wurin mata, wata ta ce wa Inna ɗanta bai gama kwaleji ba sai don tsoron bencin Baba. Wata kuma, tana zaton ba na ji, ta raɗa wa ta kusa da ita cewa baƙin cikin ƙwallo ne ya kashe shi. Na juya na ce mata ciwon ƙoda ne, likita ya faɗa, in kuma tana da wani asibitin a jakarta ta fito da shi. Kawu, yayan Inna, ya kamata ya tsaya cikin masu karɓar gaisuwa, amma ya je can kujerar ƙarshe ya zauna, sandarsa tsakanin ƙafafunsa.

A Makka ba a rubuta suna a kan kabari, mu mata kuma ba ma zuwa. Nan da ɗan lokaci ko ƙanena ba zai iya nuna wurin ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta abin da na sani, kafin shi ma ya baje.

A nan aka haifi Baba. Kakanmu daga ƙasar Kano ya taho aikin Hajji ta Sudan, bai koma ba. Baba ya yi tuƙin bas, daga baya ya zama mai tsara fitar motoci a tasha, amma in ka tambayi mutanen Kudai aikinsa, ƙwallo za su ce maka. Shi da Kawu, tun suna samari, suka haɗa gasar 'yan makaranta ta unguwannin da Hausawa suke. Kowace unguwa da ƙungiyarta, ana bugawa ranar Juma'a bayan La'asar a wani filin ƙasa da ke bayan inda ake ajiye bas-bas. Ana farawa in alhazai sun watse, a gama kafin azumi.

Dokarsa ta farko, ba mai buga masa ƙwallo sai ɗan makaranta. Kwaleji ce, jami'a ce, makarantar koyon sana'a ce, ko ajin yamma na ma'aikata, shi dai ya ji kana zuwa. Ɗan ƙasa ne kai ko ɗan Nijeriya ko Nijar da ya zo aiki da takardar zama, wadda muke kira iƙama, wannan bai dame shi ba. Yakan ce, "Ƙwallo ba ta tambayar iƙama." Amma tana tambayar jarrabawa. Wanda ya faɗi zai zauna a benci har sai ya gyara, ko da shi ne ke ci wa unguwa ƙwallaye.

Ya taɓa yi wa ƙanena haka. Yaron ya faɗi darasi ɗaya a kwalejin fasaha ana saura kwanaki wasanmu da unguwar Utaibiyya, wasan da duk Kudai ke jira shekara guda. Dattawan unguwa suka yi ta sintiri gidanmu suna roƙo. Inna ta sa baki, ni ma na sa. Baba ya saurare mu duka yana kurɓar shayi, ya ce, "Kun gama? To a kawo masa littafinsa benci, ya yi karatu yana kallo." Aka ci Kudai a ranar. Ƙanena ya yi kusan wata ba ya cin abinci tare da shi, amma bai sake faɗuwa jarrabawa ba.

Wasan Kudai da Utaibiyya ba wasa ba ne a gidanmu. Baba ne shugaban Kudai, Kawu ne shugaban Utaibiyya, Inna kuma 'yar Utaibiyya ce da aka kawo Kudai. Kawu yakan ce ita ce kaɗai abin da Kudai ta taɓa ƙwace musu bisa gaskiya. Baba yakan ce 'yan Utaibiyya sun saba da matsattsun lunguna, shi ya sa in suka ga fili mai faɗi sai su ruɗe. In suka haɗu a gidan suna ko ɗaurin aure, ba a gama gaisawa sun fara tsiya.

Doka ta biyu ita ce ta shafe mu mata: wanda ya ci wasa shi ke ciyar da wanda aka ci. Baba ya ce wanda aka ci ya riga ya sha wuya, bai kamata ya koma gida da yunwa kuma ba. Mu ba ma zuwa fili, ba wadda ta taɓa ganin wasan nan da idonta. Ta tukunya muke sanin sakamako. In waya ta yi ƙara gab da Magariba aka ce a ɗora, mun ci, sai matan layi su fito da shinkafa da nama suna guɗa suna mita a lokaci guda. In aka ce mu sa abaya mu shiga mota, an ci mu, za mu Utaibiyya cin tuwon matan Kawu muna sauraron gori. Ranar da aka tashi canjaras kowa ya ci a gidansa, Baba ya ce hukuncin malalata ke nan.

Yana da wani hali da ya fi so kada a sani. Wata shekara ya lura golan Utaibiyya, wani ɗan Damagaram mai aikin walda yana zuwa ajin yamma, da hannu tsirara yake tare ƙwallo. Ya saya masa safar hannu ta gola, ya bayar aka kai masa a ɓoye. Juma'ar da ta biyo baya yaron nan ya tare bugun fanareti na Kudai da safar. An ce Baba ya cire hularsa ya buga da ƙasa yana cewa, "Safata! Da safata!" Haka asirin ya tonu, Kawu kuwa ya yi shekaru yana aiko masa da gaisuwar godiya duk ranar wasa.

Sai talabijin ta shigo. Wani mai ƙaramar tashar tauraron ɗan'adam ya ga yadda mutane ke cika filayen unguwanni, ya ce zai haɗa manyan ƙungiyoyin ɗalibai na Makka da Jidda da Ɗa'if a rukuni guda, a riƙa nuna wasanninsu, kuɗin talla kuma a raba wa ƙungiyoyin. A cikin namu ya zaɓi Kudai da unguwar Shisha. Utaibiyya bai so ta. Ya ce masu kallonta leburori ne, masu talla ba su da abin da za su sayar musu. Ban da haka rabin 'yan wasan Kawu ma'aikata ne, Juma'a kaɗai suke da ita, kuma ba kowa ke son ubangidan da ya ɗauki nauyin takardunsa ya kunna talabijin ya gan shi yana tsalle a fili ba. Sabon rukunin a filin ciyawa na haya za a riƙa bugawa, can hanyar Jidda, a ranar da tasha ta ga dama. Wanda ya shiga kuma ba zai sake wasa da wata ƙungiya ta waje ba sai da izininsu.

Ƙanena a lokacin shi ne kyaftin ɗin Kudai, kuma shi ya kawo maganar gida. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. A shekarar wani yaro ya karye a gwiwa a filin nan mai tsakuwa, karatunsa ya tsaya, ba abin da gasar ta iya yi masa sai addu'a da karo-karo. Ina kicin suka fara, na fito na tsaya a bakin ƙofa.

"Abuya," in ji ƙanena, haka yake kiransa, Hausarsa tana karkata zuwa Larabci in ransa ya ɓaci, "yaran nan suna karatu, suna da buƙata. Za a ba su likita, za a ba su mota, manyan kulob za su gan su. Haram ne?"

"Ban ce haram ba ne. Kawunka fa?"

"Ba mu bar kowa ba. Rukuni kawai muka canja."

"Rukuni." Baba ya ajiye kofinsa. "Tun kana rarrafe kake cin tuwon gidan mutumin nan duk ranar da ya ci mu. To in kun ci 'yan Jidda, wa za ku dafa wa? Ka san ƙofar gidansu?"

"Ba a dafa wa kowa, Abuya. Kofi ake bayarwa."

"A ci kofin?"

"Wallahi ba za a iya magana da kai ba!"

"Ana iyawa. Kai ne ka zo da amsarka a aljihu."

Baba bai hana ba, ko da yake da ya ce a'a ba mai tsallakewa. Ya tara 'yan wasa ya ce masu son tafiya su ɗaga hannu. Kusan duka suka ɗaga, wasu suna kallon ƙasa. Ya ce Allah ya sa alheri, ya dawo gida ya ce Inna ta ba shi shayi. Na zauna kusa da shi ina jira ya yi faɗa in taya shi. Bai yi ba, sai ya tambaye ni ko mijina ya gyara na'urar sanyaya ɗakinmu a Shisha.

Juma'ar farko da aka buɗe tsohuwar gasar ba Kudai ba Shisha, sai ga Baba ya ratsa fili ya je ya zauna a bencin Utaibiyya. Kawu da kansa ya ba mu labarin. Ya ce ya dube shi ya ce, "Malam, ka yi ɓatan kai ne?" Baba ya ce, "A'a, shekara da shekaru ina ganin ana cin ku daga nesa, yau na zo in gani kusa-kusa." Daga ranar nan, can ya koma. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa Utaibiyya tsiya, shi ne ya koma ɗaukar musu ruwa a bayan motarsa.

Mu kuwa mata, gaskiya ita ce mun ji daɗin talabijin ɗin nan. Ranar da aka fara nuna Kudai, matan layi suka cika falonmu. Inna ta yi shekaru tana wanke rigunan ƙungiyar nan tana shanyawa, ba ta taɓa ganinsu a jikin mai gudu ba. Da ƙanena ya fito ta matsa har ta kusa taɓa gilashin. "Ashe haka yake gudu?" ta ce. "Ubansa sak, har karkata kafaɗar." Da ya ci ƙwallo ta yi wata guɗa da ban taɓa jin ta yi ba ko a bikina. Ba wanda zai ce mini wannan ba alheri ba ne.

Baba yana ɗakinsa, ya turo ƙofa, wai yana sauraron rediyo. Da mata suka watse ya leƙo.

"An ce ya ci."

"Ya ci," in ji Inna.

"Da wace ƙafa?"

"Ta hagu."

"Ni na koya masa." Ya koma ya rufe ƙofar.

Abu ɗaya ya nema daga wurin ƙanena, bai taɓa neman wani ba. Duk shekara in alhazai sun watse sai ya kira shi ya ce, "Juma'a ɗaya. Ku zo tsohon fili ku buga da kawunka, ba kyamara, ba talla. Sauran shekarar taku ce." Ƙanena ya ce zai yi magana da mutanen tashar talabijin. Shekarar farko aka ce yarjejeniya ta hana. Ta biyu aka ce wasanni sun yi yawa, an ƙaro ƙungiyoyi daga Madina, ba gurbi. Ta gaba aka ce ba za a bar yaran su taka filin tsakuwa ba, in wani ya ji ciwo wa zai ɗauka. Kowane dalili gaskiya ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Baba ba ya musu, sai ya ce, "To, baɗi." In Juma'a ta yi kuma, sai ya ɗauki usur ɗinsa ya fita bayan La'asar kamar kullum.

Sai ƙodar ta tsaya, aka fara kai shi wankin ƙoda a asibiti. Ya rame, ya daina tuƙi, amma Juma'a sai ya tari tasi ya fita. Wata rana muna dawowa daga asibiti, ƙanena na tuƙi, ni ina baya, Baba ya jingina kai da gilashi idonsa a rufe. Na ɗauka barci yake yi.

"Juma'ar nan fa?" ya ce.

"Bayan Hajji in sha Allah, Abuya. Wannan karon da gaske."

"Kowace shekara akwai bayan Hajji," in ji Baba. Bai buɗe ido ba. Baba kuwa bai kai Hajjin ba.

A rana ta uku ta makoki, bayan an yi addu'a an fara kwashe kujeru, Kawu ya hawo bene a hankali don ya gai da ƙanwarsa. Ya zauna kusa da Inna. Sai ƙanena ya shigo ya durƙusa a gabansa, muryarsa ta dishe saboda amsa gaisuwa.

"Kawu, na yanke. Juma'a mai zuwa, a tsohon fili, yadda ya ce. Ba kyamara. In tasha ta so ta kore mu, ta kore mu."

Kawu ya dube shi. Sannan ya ce, "Da wa za ku buga, ɗana?"

"Da ku mana."

"Mu wa? Utaibiyya ba ta da ƙungiya, an fi shekara biyu. Masu ƙafa a cikinsu ku kuka ɗauke, ban ga laifinsu ba. Ma'aikata da aka tsananta maganar takardu wasu suka koma gida. Sauran da suka ga ba wasan Kudai, ba abin jira, suka daina zuwa. Ƙananan unguwannin ma kowa ya kama gabansa."

"Amma kullum Juma'a yana fita da usur."

"Wurina yake zuwa. Mu zauna a bakin filin mu biyu, mu sha shayi, ya zage ni in zage shi, a kira Magariba mu tashi."

Inna ta ɗago kai. Ita ma ba ta sani ba, ni ma haka.

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?" in ji ƙanena.

"Ya hana ni. Ya ce in ka ji ba mu da yara, ka samu hujjar da ba ta da baɗi. Ya ce kai dai ka ba da rana, in aka sa rana yara za su fito, shi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa." Kawu ya dafa sandarsa. "Shi ya sani. Ni ban sani ba."

Ƙanena ya ce duk da haka ya ba da ranar. Ya aika saƙo ta waya ko'ina, ya sa aka yi sanarwa a bakin masallatai biyu na Utaibiyya. Na zauna ina kallonsa yana ta kiran mutane, ina so in ji tausayinsa ko in ji haushinsa, ban ji ko ɗaya ba. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya sa yaran da ya zaunar a benci har suka yi karatu su zame masa shaida.

Juma'ar ta zo. Inna tana takaba ba ta fita, na zauna tare da ita. Ƙanena ya kwashi 'yan Kudai gaba ɗaya, da rigunansu masu tambarin talla, suka tafi tun kafin La'asar. Daga baya na ji sun yi ta motsa jiki a gefensu na fili, suna duban hanya. A ɗaya gefen Kawu ne a kujerar roba da dattawa uku, sai wasu yara da suka tsaya kallon 'yan talabijin. Haka suka tsaya har aka kira salla.

Bayan Magariba muka ji tafiyarsa a matakala. Ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofar falo.

"Wa ya ci?" in ji Inna.

"Ba a buga ba, Inna," ya ce. "Ba mu samu abokan wasa ba."